Ƙafafun Obaja

Wanda ya san Obaja a tudu kawai bai san shi ba. A tudu gajeren mutum ne mai gwame, bakinsa jawur da taunar pinang, goron ƙasarmu, yana tafiya a ɗosane sai ka ce ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa. Amma ka jira ya sa rigar roba, ya goya tukunyar iska, ya faɗa teku da baya. Ni ban taɓa nutso ba, ba kuma ni da niyya, Allah bai halicce ni kifi ba. Sai dai na sha ganin hotunan da baƙi ke ɗaukowa a ƙarƙashin ruwa: igiyar ruwa tana jan kowa, Turawa suna fafutuka da hannu da ƙafa, shi kuwa yana tsaye wuri ɗaya yana kaɗa ƙafafu a hankali, ko a jikinsa. Da ƙafafun nan ya ci abinci shekara talatin. A gabana ya rasa su, kuma da sa hannuna a ciki, shi ya sa na ga ni ya kamata in ba da labarinsa kafin wani ya ba da shi a karkace.

Sunana Jumriah, amma a jirgi Mama Jum ake ce mini, har kyaftin ɗinmu Daeng Mattola da ya girme ni da shekara biyar. Ni ce mai girki. Jirginmu na katako ne, irin wanda mutanen Bira ke sassaƙawa a bakin teku. A da irinsa dakon siminti da shinkafa yake yi, yanzu an yanka masa ɗakuna shida masu sanyi, yana dakon Turawa. Goma sha biyu muke ɗauka, mu yi kwana goma sha ɗaya muna zaga tsibirai. Su farka su yi nutso, su fito su ci, su koma, su fito su ci, haka sau huɗu a rana. Sun baro gidajensu sun biya kuɗi mai tsoka don a kai su su kalli kifin da ba za su ci ba. Na daɗe da daina mamaki, nawa dai in ga tukunya ba ta huce ba.

Obaja shi ne babban ja-goransu a cikin ruwa. Mutumin Pura ne, tsibirin nan da ke tsaye tsakanin Alor da Pantar, inda babu filin da za ka shanya zane biyu a jere, gida bisa gida har kan dutse. Ya ce bai tuna ranar da ya koyi iyo ba, kamar yadda ba wanda ke tuna ranar da ya koyi tauna. Ubansa ya sassaƙa masa tabarau na itace, ya liƙa masa gilashin kwalba da danƙo, suka riƙa sauke tarkon kifi na gora can ƙasan murjani da numfashi ɗaya. Da ya kai shekara goma sha bakwai ya bi jiragen masu tsintar teripang, wannan ƙatuwar tsutsar teku da 'yan China ke saye da tsada. A can ba tukunya ba komai, tiyo ne kawai za ka ciza, ɗaya bakin yana jikin injin bugun taya a saman jirgi. Su tara suka bar ƙauyensu. Bayan shekara shida biyu suna kabari, uku sun koma gida a kan tabarma. In aka taɓo zancen sai ya tofar da jan yawu a teku, ya ce an wuce wurin.

Wani Bature mai jirgi irin namu ne ya gan shi, ya koya masa nutso da tukunya, ya samo masa takarda. Karatunsa ba yabo ba fallasa, Turancinsa kuwa guntu-guntu ne, amma Allah ya ba shi ido. Akwai wani ɗan kifi mai kai irin na doki da bai fi ƙwayar shinkafa ba, launinsa ɗaya da murjanin da yake maƙale a jiki. Mutane kan zo daga ƙarshen duniya don shi, su yi mako ba su gani ba. Obaja zai wuce kawai, ya tsaya, ya nuna da ɗan sandansa na ƙarfe. Baƙi da yawa sukan rubuto wa kamfani su ce in ba Obaja a jirgin, su ma ba su.

Shekara tara muka yi tare, kuma ban tuna ranar da ya shigo kicin bai tsokane ni ba.

"Mama Jum, yau ma barkonon naki na kashe miji ne? Allah ya jiƙan marigayi, yanzu na gane abin da ya kai shi."

"Fita mini, ɗan Pura. Ku da ba ku san miya ba sai dafaffiyar masara da gishiri, har ka samu bakin magana?"

"Ƙara mini cokali ɗaya dai, in mutu da daɗi."

Ranar Lahadi yakan zauna a gaban jirgi yana rera waƙoƙin cocinsu da muryar da ko kifi sai ya yi nisa. Ni kuma in na tayar da salla a lungun kicin, shi ne ke tsayawa ya juya mini miya kada ta kama. Ƙanena na ɗauke shi, ba na jin kunyar faɗa.

Abu ɗaya ne na san yana tsoro, shi ma ba teku ba ne. Doka ce ta kamfani: duk ja-goran da ciwon nutso ya taɓa kamawa, ba a sake mayar da shi ruwa. Ciwon nan, in mutum ya daɗe a zurfi ya taso da sauri, iskar da ya shaƙa sai ta zama kumfa a cikin jininsa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. In kumfar ta tsaya a gaɓa, ka sha azaba ka warke. In ta tsaya a lakar gadon baya, ƙafa ta tafi. A lokacin sama-sama na san wannan, irin sanin mai girki, daga baya ne aka zaunar da ni aka yi mini dalla-dalla. Mun dai ga yadda aka yi da wani ja-gora mai suna Ferdi. Kafaɗa kawai ciwon ya taɓa masa, ya warke sarai, amma aka sallame shi da godiya. Yanzu acaɓa yake yi a Labuan Bajo.

Ranar da muka hango Ferdi a bakin tasha da hular kwano, Obaja ya kasa cin abinci. Yana da shekara arba'in da bakwai a lokacin, ga samari suna ta fitowa da Turanci tas-tas da takardu. Ya ce mini, "Mama Jum, Ferdi ya iya tuƙa babur. Ni a tudu mene ne? Ko kwan lantarki ban iya canzawa ba. A garinmu in namiji ya daina shiga ruwa, kaji ake bar masa ya tsare." Na ce ya daina yi wa kansa mugun baki, ya ci shinkafarsa kafin ta huce.

Abin ya faru a watan Oktoba, muna tsakiyar tekun Banda, gefen wani ɗan tsibiri mai hayaƙi da warin ƙibiritu, ba kowa a kansa sai tsuntsaye. Daga nan zuwa asibitin da ke da maganin ciwon nutso tafiyar kwana ɗaya da rabi ce. Abin da ke kai mu can shi ne manyan kifayen nan masu kai kamar guduma, waɗanda ke wucewa garke-garke a cikin zurfi, inda ruwa ke da sanyi. Cikin baƙinmu akwai wani dogo mai ƙatuwar kyamara, fitilunta biyu sun miƙe hagu da dama, shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Mai Ƙaho. Ba mugu ba ne, yana gaida mutane, amma in ya sa ido a kyamara ba ya ji ba ya gani.

A nutson safe na rana ta shida kifayen suka fito, Mai Ƙaho ya bi su ƙasa. Iyakar da aka sa musu mita talatin ce, shi ya wuce hamsin. Obaja ya bi shi, ya kamo shi ta tukunya, ya tarar iskarsa ta kusa ƙarewa. Ya cusa masa nasa bututun na biyu a baki, suka taso su biyu suna shan tukunya ɗaya. Ita ma ta ƙare kafin su gama tsayuwar da ake yi a hanya don jini ya huce, dole suka fito.

Manajan tafiyarmu wani Bature ne, Pak Torben, mutum mai tsare doka, ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Nan take ya kwantar da Mai Ƙaho ya sa masa iskar oksijin, ko da yake mutumin garau yake, da rana ma faranti biyu ya ci. Ya juya kan Obaja, Obaja ya yi dariya ya ce shi ɗan Pura ne, a ba Bature iskarsa. Pak Torben ya ce to ba shi ba ruwa sauran ranar, kuma da la'asar zai duba jikinsa da kansa. In ya ga wata alama, jirgi zai juya.

Bayan azahar, baƙi sun tafi nutso na uku, ina yankan albasa, sai ga Obaja. Bai tsokane ni ba. Ya zauna a kan buhun shinkafa yana matsa kafaɗa.

"Mama Jum, iska ta shige ni. Ruwan ƙasan nan ƙanƙara ne. Taimaka ki kankare mini baya."

Kowa a ƙasarmu ya san shigar iska. Ka sha ruwan sama, ko ka kwana a gaban fanka, sai jiki ya mutu, gaɓoɓi su yi tsami, ciki ya kumbura. Maganinta kuma kowa ya sani: a shafa maka mai a baya, a ɗauki tsabar kuɗi a kankare ka layi-layi daga ƙashin baya zuwa haƙarƙari, har fata ta yi ja. In layin ya yi duhu, iskar ta yi yawa ke nan, kuma ta fito. Kakata ta yi wa uwata, uwata ta yi mini, na yi wa 'ya'yana huɗu. A jirgin nan ba ma'aikacin da bai taɓa kwanciya a gabana ba, har kyaftin. Ina da wata tsohuwar tsaba ta rupiya ɗari, mai kauri, bakinta ya yi sumul, ina ajiye ta a gwangwanin shayi. Ina alfahari da hannuna, wannan gaskiya ce.

Ya tuɓe riga ya kifa cikinsa a kan benci. Sai na ga fatarsa daga ƙasan kafaɗa zuwa gefen ciki ta yi wani irin dabbare-dabbare, shuɗi-shuɗi da ja-ja, kamar naman da ya kwana ba a dafa ba.

"Kai, mene ne wannan a jikinka?"

"Sabuwar rigar robar nan ce ta matse ni. Waɗanda suka ɗinka ta ba su san mutum yana da tumbi ba."

"Ƙaiƙayi yake yi?"

"Kaɗan. Ke dai danna, Mama Jum. Ko hannun ya tsufa ne?"

Ya san inda zai taɓa ni. Na kwaɓa man kwakwa da man zafi, na zage na kankare shi. Yana cewa nan, ƙara nan, sauko gefen ciki, wancan gefen ma. Duk inda dabbaren yake sai da na bi ta kansa. Layukan suka fito baƙi-ƙirin, ban taɓa ganin irinsu ba, na kuwa ji daɗi har raina. Na ce, "Ka gani? Buhu guda na iska ka kwaso." Na dafa masa citta mai zafi da sukarin kwakwa, na ce ya je ya sakar wa kansa ruwan zafi ya lulluɓa. Ya shanye, ya yi wata doguwar gyatsa, muka yi dariya mu biyu.

Da la'asar Pak Torben ya zo kamar yadda ya ce. A ƙofar kicin ya same shi, ya ce ya ɗaga riga. Yana ganin bayan ya dafe kai.

"Mama Jum, kin sake? Wannan ai kin gasa shi ne kamar kifi a kan waya."

"Pak, maganinmu ne. Naku ƙwaya, namu tsaba."

Ya duba ya duba, ba abin da ake gani sai aikina. Ya sa shi ya yi tafiya a kan layin katako, ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, ya matse masa hannu. Obaja ya yi duka, har da ɗan rawa a ƙarshe. Pak Torben ya tambaye shi ko akwai inda ke ciwo ko ya mutu, ya ce babu. To, in ji shi, gobe ya shiga, amma kada ya wuce mita ashirin. Ina tsaye da ludayi a hannu, maganar dabbaren nan ta zo mini har baki. Sai na ce a raina, mutumin da ya yi shekara talatin a ruwa ya ce riga ce, ni wace ce? Na koma kan tukunyata.

Da safe ya bar rabin kofinsa, abin da bai taɓa yi ba. Na lura a zaune ya sa rigar roba, kuma da zai sauka kwale-kwale sai da ya kama ƙarfe da hannu biyu. Na ce, "Ɗan Pura, lafiya?" Ya ce tsufa ne, ni ma yana nan tafe gare ni in bai riga ya iso ba.

Sa'a ɗaya suka yi. Kwale-kwalen ya dawo, baƙi suka hau tsani ɗaya bayan ɗaya suna ta surutu, sun ga abin da suka zo gani. Obaja ne na ƙarshe. Ya kama tsani, ya ja jikinsa da hannu, ƙafar ba ta biyo ba. Ya sake gwadawa. Ya ɗago kai ya dube mu yana murmushi, ya ce, "Ƙafata ta yi barci, ku ba ta minti ɗaya." Mutum huɗu ne suka ɗauko shi. Da aka kwantar da shi ya ce kamar an ɗaure masa ƙugu da waya ana ja. Pak Torben ya soka masa allura a babban yatsa, yana kallon sama bai ko ƙifta ba.

Daeng Mattola bai jira an gaya masa ba, ya ɗaga anka ya juya jirgi. Sa'a talatin da uku muka yi. Iskar oksijin ta ƙare a ta ashirin. Fitsari ya ƙi fita, mararsa ta kumbura, gumi yana karyo masa. Wata baƙuwa da ta taɓa aikin jinya ba ta bar gefensa ba. Mai Ƙaho ya zauna a ƙofa yana kuka kamar yaro, wani baƙon kuma ya tare Pak Torben yana tambaya ko in an sauke Obaja za a koma wurin kifayen. Ni dai girki na yi ta yi. Na dafa abin da ya ishi mutum arba'in.

A asibiti aka tura shi cikin wani ɗakin ƙarfe mai kama da tankin mai, inda ake matse mutum da iska kamar ya koma ƙasan teku, don kumfar ta narke. Likitar yarinya ce, ba ta fi 'yata ta biyu ba. Ta fito ta same mu a baranda, ta ce wa ya kankare masa baya? Na ce ni ce. Ta tambaye ni ko na ga wani abu a fatar kafin in fara, na gaya mata. Sai ta ce wannan dabbaren shi ne shelar ciwon, duk wanda ya san nutso yana ganinsa zai gane. Ruwan zafi da murza jiki kuma ƙara wa kumfa ƙarfi suke. Da an sa masa oksijin tun ranar farko, da bai sake shiga ruwa ba, tana kyautata zaton da ƙafarsa zai fita daga asibitin. Ba ta zage ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sau biyar aka sa shi a ɗakin ƙarfen. A na uku yatsun ƙafarsa ta hagu suka motsa, muka yi ta hamdala, daga nan ba su ƙara ba. Bayan wata ɗaya matarsa Dorkas ta zo ta tafi da shi Pura. Ban iya zuwa sallama ba. Na ce jirgi zai tashi, alhali sai jibi.

Shekara ɗaya da wata biyu na yi ina ɗauke da abin nan. Na ci gaba da girki, don ciki bai san baƙin ciki ba, amma ban sake kankare kowa ba. In wani ya ce iska ta shige shi sai in ce ya je wurin Pak Torben. Da na sani ƙeya ce, kullum tana baya. Na rame har kyaftin ya ce ko mai girki ta daina ɗanɗana miyarta ne.

Sai wata tafiya ta bi da mu ta mashigin Alor, muka yada anka da hantsi daidai ƙasan ƙauyen su Obaja. Na ɗora wa mataimakan ɗaki abincin rana, na ce a sauke ni. Na hau matakalar dutsen nan ina hutawa, ina maimaita abin da zan faɗa. Gafara na je nema, na kuma shirya jin duk abin da za a gaya mini.

Dorkas ce ta fara ganina. Ta saki tsintsiya ta rungume ni tana kuka. "Mama Jum! Kullum sai ya yi zancenki. Ya ce da ciwon ya fara ke kika kula da shi kamar uwa." Ta shiga ɗaki ta fito da wani zane da ta saƙa da hannunta, ta yafa mini a kafaɗa, ta ce tun bara ta ajiye mini shi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Obaja yana zaune a baranda a kan tabarma, an jingina shi da bango, an rufa masa zane daga ƙugu. Kafaɗunsa sun ƙara faɗi, fuskar ta faɗa. Daga inda yake ana ganin teku gaba ɗaya, har jirginmu. Kaji suna kiwo a gefensa.

"A'a, mai kashe miji da barkono! Kin kawo mini ko da cokali ɗaya?"

Na kawo, kwalba guda. Da Dorkas ta zaga baya hura wuta na durƙusa a gabansa, na ce, "Obaja, ni na kashe maka ƙafa. Na gani da idona, na rufe da hannuna, Bature ya zo na yi shiru. Ka yafe mini don Allah."

Ya daɗe yana juya kwalbar a hannu.

"Tashi, Mama Jum, kin girme ni. Ba ke ba ce."

"Kada ka lallashe ni, likita ta gaya mini komai."

"Na ce ba ke ba ce. Ni da na yi shekara shida a jirgin teripang? Na ga dabbaren nan a jikin mutum biyar. Tun a banɗaki na gan shi a madubi, na san ko mene ne. Na san Pak Torben zai ɗaga mini riga da la'asar. Na zauna na yi tunani, a jirgin nan me zai rufe wannan? Sai na tuna tsabarki."

Ban gane ba da farko, sai da ya ƙara.

"Shi ya sa na yi ta cewa ki sauko gefen ciki. Na ce in na koma ruwa da safe zai narke, a wurin teripang haka muke yi, wani lokaci a dace. Na ce kwana biyar suka rage a gama tafiya, ba wanda zai sani."

Na zauna daɓas. Wani abu ya taso mini tun daga ciki, kuma ba tausayi ba ne, fushi ne, irin wanda ban taɓa yi da ɗan'adam ba.

"Ka san abin da ka ɗora mini? Wata goma sha huɗu ban yi barcin kirki ba! Kana asibiti wata guda, bakinka bai mutu ba, ka kasa ce mini komai?"

"Kunya, Mama Jum. Ko Dorkas ba ta sani ba. Ke ce za ki yafe mini."

"Ban yafe ba. Kada ka sa ni in yi ƙarya a gidanka. Wataƙila wata rana, amma yau ban yafe ba."

Ya gyaɗa kai, bai yi musu ba. Ni ina share ido da zanen matarsa, shi yana kallon teku. A ƙasa kwale-kwalenmu ya fito da baƙi, ya tsaya a gefen murjani, suka fara faɗawa ruwa. Sai na ga ya miƙa wuya, idonsa ya canza.

"Wa ke ja-gora yanzu?"

"Wani yaro ne daga Manado."

"Ya zuba su a mugun wuri. Kin ga inda ruwa ya yi santsi can bayan dutse? Nan da kwatan awa zai juya, ya ja su ƙasa. Wa ya ce masa a nan ake shiga? Kai! Kai, mai kwale-kwale!"

Ya dafa tabarma da hannu biyu ya yunƙura zai tashi. Ya manta, wallahi ya manta. Jikin ya ɗago, ƙasan bai biyo ba, ya kife ta gefe, kansa ya bugi daɓe, kaji suka watse. Zanen ya zame. Na tallabo shi na jingina shi da bango, sannan na ɗauki ƙafafun ɗaya bayan ɗaya na jera masa su a kan tabarma. Sun ƙanƙance, sun yi sanyi, da hannu ɗaya na ɗaga kowacce. Bai ko dube su ba, idonsa yana kan ruwa, jini yana bin gefen girarsa.

"Mama Jum, ke kina da ƙafa. Kwata na ce. Sauka ki gaya musu."

Na kama matakalar nan da gudu, ina da shekara hamsin da takwas, ina jin muryarsa a bayana yana ta ƙwala wa mai kwale-kwale kira daga inda ba mai jin sa.